Council da Counsel: Majalisa Daban, Shawara Daban

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya kawo mini takardar neman aiki da ya buga a shagon kwamfuta, ya ce in duba masa kafin ya kai sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Turancin ba laifi. Amma a can sama, inda ake rubuta wanda za a kai wa takarda, sai na ga ya sa “The Chairman, Local Government Counsel”. Na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe na ce, “Wannan takardar taka, shugaban majalisa za ka kai wa ko lauyan ƙaramar hukuma?” Ya dube ni ya ce, “Kawu, ai kwamfutar ba ta ja jan layi a ƙarƙashinta ba.” Gaskiyarsa. Ba za ta ja ba, domin counsel lafiyayyar kalmar Turanci ce, babu harafi ko ɗaya da ya kauce a cikinta. Gidan da ta shiga ne ba nata ba. Council ya kamata ya rubuta.

Kada kowa ya ɗora wa kunnen Bahaushe laifin wannan ruɗani. Baturen da aka haifa a Landan ma in ya furta council ya furta counsel, sauti ɗaya ne ke fita daga bakinsa, babu ko ɗan tsinin bambanci. A rubuce kawai suke rabuwa: ɗaya ta ƙare da c-i-l, ɗaya da s-e-l. Mu a Hausa akasin haka muka saba. Garin da muke zaune da garin da ake tuƙa tuwo rubutu ɗaya ne a boko, baki ne ke raba su. Su kuma nasu, baki ya haɗa, alƙalami ya raba.

Abin da ya sa batun bai kamata ya wahalar da mu ba shi ne, Hausa ta riga ta ware abubuwan biyu tun tuni da kalmomi biyu da ba su yi kama da juna ba. Council majalisa ce. Counsel shawara ce, sannan kuma mai ba da ita, musamman lauya. Dukansu daga Larabci muka aro su. Majalisa ta fito ne daga majlis, wurin zama, daga aikatau jalasa, wato ya zauna. Shawara kuwa 'yar gidan shura ce, kalmar da aka sa wa sura ta 42 a Alƙur'ani suna da ita. Shi ya sa in Bahaushe ya ji “majalisar shura” ba ya ruɗewa ko kaɗan: ga mutanen da suka zauna, ga abin da suka zauna yi. Majalisa tana da kujeru, tana da ranar zama, tana da shugaba da magatakarda, ana rantsar da ita, ana kuma iya rushe ta. Shawara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana neman ta, ana ba da ita, ana ɗauka ko a ƙi. Ko majalisar da samari ke yi a benci a ƙofar gida bayan la'asar, wadda ba ta zartar da komai sai hirar ƙwallo da siyasa, sunanta majalisa saboda an zauna.

To me ya sa Turanci ya bar su suka yi kama har haka? Labarin ya faro daga Latin, harshen Rumawan dā. A can akwai concilium, taron mutanen da aka kira, daga wata kalma mai nufin kira. Akwai kuma consilium, daga aikatau consulere, wato yin nazari da tuntuɓa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu tun a wancan zamani, kuma tun a lokacin suna shiga gonar juna, domin consilium ba shawara kaɗai take nufi ba, tana nufin dabara, da niyya, da abin da aka tsayar, har da rukunin mutanen da sarki ko alƙali ke tuntuɓa. Wannan faɗin ma'ana bai kamata ya ba mu mamaki ba. Tamu shawarar ma haka take: ana ba da shawara, ana yin shawara, ana kuma yanke shawara, wanda shi wannan na ƙarshe hukunci ne aka tsayar. (Ban sa ciwon shawara a lissafi ba, wannan mai sa ido ya yi rawaya. Shi kansa misali ne na yadda suna ɗaya ke ɗaukar kaya biyu.)

Daga Latin kalmomin suka shiga Faransanci, daga Faransanci suka tsallaka Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066 suka mai da harshensu harshen fada da kotu. Ƙarnoni da dama marubutan Ingila suna rubuta su yadda suka ga dama, kowa da irin nasa harafin. Sai wajen ƙarni na 16 aka fara tsayar da al'adar da ake bi yau, aka bar council ga taron mutane, counsel ga shawara. Wato rabuwar ba daga sama ta faɗo ba, yarjejeniya ce ta masu rubutu da masu ɗab'i.

Faransanci bai bi wannan hanya ba, kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka yi boko da shi sun fi kowa sanin haka. A wurinsu kalma ɗaya ce, conseil, ke ɗauke da kayan biyu. Shawarar da uba ya ba ɗansa conseil ce. Majalisar ministoci Conseil des ministres ce. Majalisar sojan da Seyni Kountché ya kafa bayan juyin mulkin 1974 da Conseil ta fara, haka ma CNSP da ta karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023, harafin C ɗin farko nata ke nan. Concile kuwa, wadda ita ce ainihin jikar concilium, Faransawa sun bar ta ga taron manyan malaman coci, irin wanda aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ko na Vatican daga 1962 zuwa 1965. Saboda haka ɗan Nijar da ya zo karatu Kano ko Sakkwato ya fara rubutu da Turanci, tarkon nan yana jiransa ta wata fuskar: dole kalmarsa ɗaya ta rabu biyu, kuma shi zai zaɓi wadda ta dace a kowace jimla.

Council ba ta da wani wuyar sha'ani a nahawu. Suna ce da ake ƙirgawa: a council, two councils. Ba ta zama aikatau. Counsel ce mai rikiɗa.

Idan tana nufin shawara, ba a ƙirga ta, kamar dai 'yar'uwarta advice. Ba a cewa “a counsel” ana nufin shawara guda. Ta kuma fi advice nauyi da tsufa. Abokinka zai ba ka advice kan wace waya za ka saya. Abin da dattijo zai gaya maka daren da za ka ɗaura aure, ko abin da waziri ke raɗa wa sarki, shi ne counsel. Ta fi kusa da nasiha ko shawarar manya. Tana kuma zama aikatau: “he counselled patience”, ya ba da shawarar a yi haƙuri. Akwai wani salon magana da ke yaudarar masu fassara, “he kept his own counsel”. Na taɓa ganin an mai da shi “ya riƙe lauyansa”. Ba lauya a maganar. Nufinsa ya bar wa cikinsa, bai faɗa wa kowa abin da ya ƙudurta ba. Mu da muka san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba ma bukatar dogon bayani.

Idan kuma tana nufin lauya, sai ta zo da wata ɗabi'a ta daban. A bakin kotu galibi ba a sa mata “a” ko “the”, kuma jam'inta da tilonta ɗaya ne. Alƙali zai ce “Counsel for the accused is absent”, lauyan wanda ake tuhuma bai zo ba. In lauyoyi biyar ne a gabansa zai ce “Counsel are ready”. Jaridunmu na Turanci sukan rubuta “counsels” kullum, har ido ya saba, amma tsofaffin lauyoyi na yamutsa fuska in sun gani. Dalilin wannan ɗabi'a a bayyane yake in aka lura: sunan abin da mutum ke bayarwa ne aka ɗora masa, shi ya sa kalmar ta ci gaba da halinta na abin da ba a ƙirgawa. Kamar yadda muke cewa “hukuma ta zo” alhali ɗan sanda ɗaya ne ya shigo, ko goma.

A Ingila, inda aikin lauya ya rabu gida biyu, counsel a al'ada barista ake nufi, mai tsayawa gaban alƙali, ban da solicitor mai zama a ofis yana shirya takardu. A Nijeriya ba a raba ba, duk wanda aka rantsar ya zama duka biyun, don haka kowane lauya counsel ne da zarar ya miƙe a kotu. Muƙamin girma na lauyoyin Ingila shi ne King's Counsel, lauyan sarki. Shekara 70 ana kiransu Queen's Counsel, QC a taƙaice, sai ranar 8 ga Satumba 2022 Sarauniya Elizabeth ta rasu, nan take duk suka koma KC ba tare da an sake naɗa kowa ba. Mu ma mun yi zamanin QC. Cif Rotimi Williams na cikin 'yan Nijeriya na farko da suka samu a 1958, kuma da aka kawo SAN, wato Senior Advocate of Nigeria, a 1975 don ya maye gurbinsa, shi da Nabo Graham-Douglas ne aka fara bai wa. Wanda ya rubuta “Queen's Council” ya mai da mutum ɗaya majalisa sukutum.

Ga wata jimla da nake bai wa ɗalibai su yi ta juyawa. Hukumar da ke kula da makarantar horas da lauyoyi ta Nijeriya, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda da Yola da wasu wurare, sunanta Council of Legal Education, an kafa ta a 1962. Council ce, aikinta yaye counsel. Haka Legal Aid Council da aka kafa a 1976: council ce mai samar wa talakan da ba shi da kuɗin lauya counsel. A Amurka ma fadar shugaban ƙasa tana da National Security Council, majalisar tsaro da aka kafa a 1947, tana kuma da White House Counsel, wanda shi mutum ne, lauyan fadar. Wanda ke sauraron rediyo kawai ba zai san wanne ake nufi ba sai ya ji sauran jimlar. Da aka naɗa Robert Mueller special counsel a Mayun 2017 don ya binciki katsalandan ɗin Rasha a zaɓen Amurka, kuskure ne a ce masa “mai ba da shawara na musamman”. Lauya ne mai bincike, da ikon gurfanar da mutane a kotu, kuma ya gurfanar.

Amma inda batun ya fi ba ni sha'awa ba a nahawu yake ba. Bambancin haruffan nan yana ɓoye wata tambaya ta mulki: mutanen da suka zauna ɗin nan, hukunci suke yankewa ko shawara kawai suke bayarwa? Domin akwai council mai zartarwa, akwai kuma council da ba ta da komai a hannu sai counsel. Sunan ɗaya, ƙarfin ba ɗaya ba. Tarihin Arewa ma ya taɓa rataya a kan wannan tambaya.

Zamanin En'e, Turawa sun mai da manyan sarakuna abin da suka kira Sole Native Authority, wato sarki shi kaɗai ne hukuma a idon doka. Yana da waziri da galadima da madaki da sauran 'yan majalisa, amma doka ba ta tilasta masa jin maganarsu ba; Razdan kaɗai yake tsoro. Masu sukar tsarin sun ce wannan ya ma saɓa wa al'adar da aka gada, inda sarki ba ya yin gaban kansa ba tare da manyan fada ba. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul. A 1952 aka soke matsayin sarki shi kaɗai, kuma dokar En'e ta 1954 ta tsayar da wasu sunaye biyu da ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su: Chief-in-Council da Chief-and-Council.

A na farko, sarki a cikin majalisa, wajibi ne sarki ya tuntuɓi 'yan majalisarsa, amma yana iya ƙin abin da suka ce ya bi ra'ayinsa, muddin ya sanar da hukumar da ke sama da shi. A na biyu, sarki da majalisa, abin da mafi rinjaye suka tsayar shi ne hukunci, sarki ba shi da ikon tsallake shi. To ka ga a tsarin farko sunan majalisar council, amma abin da take bayarwa counsel ne tsantsa. A na biyu ne ta zama mai iko da gaske. “In” da “and”, haruffa biyu da uku, su ne suka raba sarkin da ke jin shawara in ya so da sarkin da majalisa ke ɗaure wa hannu. Wanda ya ce lura da ƙananan kalmomi aikin malaman makaranta ne marasa abin yi, bai karanta wannan doka ba.

Turawan ba su ƙirƙiro wannan salo don mu ba, daga gida suka zo da shi. A Ingila akwai King-in-Council, sarki yana zartar da abu bisa shawarar Privy Council, tsohuwar majalisar sirri ta fada, kuma umarnin da ke fitowa daga nan shi ake kira Order in Council. Kundin tsarin mulkin da Nijeriya ta karɓi 'yanci da shi a 1960 ta irin wannan umarni ya fito. A wannan majalisa ce kuma kalmomin namu biyu suka yi karo gaba da gaba: sunanta Privy Council da c-i-l, amma ita kanta ta fi son a rubuta mambanta Privy Counsellor da s-e-l, domin a ƙa'ida shi mashawarcin sarki ne. Tafawa Balewa ya zama ɗaya daga cikinsu a 1961. In ɗalibi ya ce mini Turawa ma ba su gama raba kalmomin ba, ba ni da ta cewa.

Wannan majalisar tana da wani kwamitin alƙalai wanda shi ne kotun ƙarshe ta ƙasashen da Ingila ta mallaka. Abin dariyar shi ne, a ƙa'ida ba hukunci yake yankewa ba, shawara yake bai wa sarki kan yadda za a yi da ƙarar, sai dai shawara ce da ba a taɓa jin sarki ya mayar ba. Nan aka kai ƙarar Amodu Tijani kan filayen Legas, ya yi nasara a 1921. Nan kuma shari'ar rikicin siyasar Jihar Yamma ta Nijeriya ta ƙare a 1963. Gwamnan jihar, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola a 1962 bisa wata takarda da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Kotun ƙolin tarayya ta ce tuɓewar ba ta halatta ba. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, Privy Council ta ce ta halatta, ta ba Adegbenro, wanda aka naɗa a madadin Akintola, gaskiya. Gwamnatin Yamma ta gyara tsarin mulkinta ta mai da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza, kuma da Nijeriya ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963 aka rufe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa can gaba ɗaya.

Har yau tambayar tana nan a tsarinmu. Council of State, wadda kafofin labarai ke kira majalisar ƙoli ta ƙasa ko majalisar magabata, ta tara shugaban ƙasa da mataimakinsa, da tsofaffin shugabanni, da tsofaffin alƙalan alƙalai, da shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai, da gwamnoni duka, da ministan shari'a. Duk wannan taron manya, abin da kundin 1999 ya ba ta shi ne ta ba shugaban ƙasa shawara kan irin su ƙidayar jama'a, da yi wa fursunoni afuwa, da lambobin yabo, da naɗin shugabannin hukumar zaɓe. Saboda haka ni ina ganin “majalisar ƙoli” ya yi mata yawa, yana sa mai sauraro ya zaci ta fi kowa iko. “Majalisar magabata” ya fi faɗin gaskiyarta. Kwatanta ta da Supreme Military Council ta zamanin soja, wadda in ta zauna ta tashi, doka ta fito. Ko kuma majalisar shura ta Saudiyya mai mutum 150, wadda sunanta ma ya riga ya faɗa maka iyakarta. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, sai an taru. Amma masu ɗaukar jinka ba su ke cewa ga inda za a ɗora ta ba, mai ɗaki ne.

Mai fassara kuma yana da tasa matsalar, domin ba kowace council ce ke komawa majalisa a Hausa ba. Security Council ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai ƙasashe 15 da biyar daga cikinsu ke da kujerar dindindin, mun daɗe muna kiranta Kwamitin Sulhu ko Kwamitin Tsaro. Dalili mai sauƙi ne: uwar ƙungiyar ta riga ta cinye kalmar majalisa, “majalisar tsaro ta majalisar ɗinkin duniya” kuwa ba ta daɗin faɗa. WAEC, da aka kafa a 1952, da NECO, duk C ɗinsu na ƙarshe Council ne, amma hukumar jarrabawa muke cewa, kuma daidai ne, domin abin da ɗalibi ke hulɗa da shi ofis ne da ma'aikata. A Ingila kuwa in talaka ya ce “the council”, ƙaramar hukumarsa yake nufi, mai kwashe shara da karɓar council tax da bayar da hayar gidajen da ake kira council house. A Abuja ma ba a cewa ƙananan hukumomi a takarda, Area Councils ake cewa, guda shida: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni.

Saura 'ya'yan kalmomin, kuma a nan ne Hausa da kanta ta faɗa ramin. Ɗan council shi ne councillor, wanda muka mai da kansila, mutumin da mazaɓa ke turawa majalisar ƙaramar hukuma ya zauna da ciyaman. Mai ba da counsel, in ba lauya ba ne, shi ne counsellor: malamin da ke zama da ɗalibai a sakandare yana taya su zaɓen fannin karatu, ko ma'aikaciyar asibiti da ke zama da mutum kafin a yi masa gwajin jini da bayan sakamako ya fito, ko mai sasanta ma'aurata. Shi ma a bakinmu kansila ne. In shugaban makaranta ya ce wa uba, “Alhaji, sai ka je ka ga kansila kan maganar yaron nan,” ba mamaki Alhaji ya nufi gidan ɗan siyasar unguwa. Amurkawa kuma sukan rage l ɗaya a duka biyun, su rubuta councilor da counselor, wanda ba kuskure ba ne, salon ƙasarsu ne. A ofisoshin jakadanci akwai wani muƙami shi ma counsellor, babban jami'i ne a ƙasa da jakada.

Daga nan sai ta uku, consul, wadda ba ta cikin tagwayen amma kullum tana biye da su. Ita furucinta ya ɗan bambanta, “kon” ne a farkonta ba “kaun” ba, sai dai a bakin da yawa daga cikinmu duk sun narke sun zama abu ɗaya. Danginta ɗaya da counsel a Latin. A Rum ta dā, consul shi ne ɗaya daga cikin shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, Napoleon ma da laƙabin ya fara mulkin Faransa a 1799. Yau ƙaramin jakada ne, mai kula da biza da fasfo da 'yan ƙasarsa da suka shiga matsala a waje. Alhazai sun san ofishinsa na Nijeriya a Jidda, Kanawa sun san na Saudiyya da na Nijar a Kano. British Council kuwa, da aka kafa a 1934, wadda ta daɗe da ofis a cikin birnin Kano, council ce ta harkar ilimi da al'adu da jarrabawar Turanci. Ba ta ba da biza. An sha samun wanda ya wanke ƙafa ya tafi can da fasfo a aljihu saboda ya ji sunan ya zaci consul ne.

Ɗan ƙanwar tawa, da na ga bayanin ya fara yi masa yawa, sai na ba shi gajeriyar dabara: ya duba harafi na biyar. In wurin yana da ciyaman, c ne, council. In maganar shawara ce, s ne, counsel. Ya yi shiru yana juya ta, can ya ce, “To Kawu, lauyan da majalisar ƙaramar hukuma ta ɗauka fa?” Na ce counsel to the council. Ya karɓi takardarsa ya koma shagon kwamfuta, aka sake cajinsa kuɗin bugawa.